Layin yaya, kuɗin ƙane: yadda ake maida lambar waya sunan wani

Tambaya daga wani ɗan kasuwar albasa a Tahoua: "Yayana ya tafi Abijan yau shekara huɗu, ya bar mani layinsa. Da shi nake ciniki. Dillalan Galmi da direbobi da masu saye duk wannan lambar suka sani, kuma kuɗina a asusun da ke kan layin suke shiga. To amma sunansa ke kai. Yaya zan yi ya koma sunana? Sannan ina da yaron shago da nake bar wa wayar in na yi tafiya. Me ya kamata in sakar masa, me zan riƙe?"

Ƙanena, sannu da nema, Allah ya sa albarka. Na yi shekaru ina zaune bayan tebur a ajans, wato ofishin hulɗa da jama'a, na wani kamfanin waya, da fari a Yamai, daga baya a nan Tahoua, kuma da wuya mako ya ƙare ban ga mai irin matsalarka ba. Inda ka fi su shi ne ka zo da tambaya tun tulu bai fashe ba. Yawancinsu sai an zare wayar a tasha, ko ta faɗa ruwa, sannan su shigo a guje gumi na zuba.

Zan fara da abin da ba zai yi maka daɗin ji ba. A yau ɗin nan layin na yayanka ne, kuɗin da ke ciki ma a idon kamfani nasa ne. Kamfani bai san wanda ke riƙe da waya ba, bai san mai sa kiredi ba, bai san wanda ya sha rana a Galmi yana cinikin buhu ba. Sunan da aka rubuta ranar da aka yi wa layin rajista, da lambar katin shaidar da aka nuna a ranar, su kaɗai ya sani. Idan gobe katin sim ɗinka, wanda mu nan muke ce wa pis, ya ƙone ko ya ɓata, ka je neman wani a kan lambar, abu na farko da za a ce maka shi ne kawo katinka na ɗan ƙasa. A duba a ga suna bai zo ɗaya ba, a miƙo maka katinka a ce ka je ka zo da mai layi. Mai layi kuwa yana Abijan. Ta ɗaya gefen abin ya fi muni: duk wanda ya iya gamsar da kamfani cewa shi ne mai sunan yana iya karɓar sabon pis a kan lambar nan, naka ya mutu a hannunka kana kallo, kira da saƙonni su koma can. Zanen aro dai ba ya rufe katara.

Kada ka ga laifin yarinyar da ke bayan tebur. Doka ce ta ɗaure ta. Da can ana sayen pis a bakin hanya kamar goro, ba mai tambayar sunanka. Da gwamnati ta tilasta rajista, a ƙarshen 2013 aka rufe kusan kashi ɗaya cikin uku na layukan ƙasar nan saboda masu su ba su kai takardu ba. A wannan rububin ne mutane da yawa, musamman na ƙauye da mata waɗanda ba su da kati, suka riƙa ba ɗan uwa ko maƙwabci ko ma mai sayar da pis ɗin ya yi masu rajista da nasa katin. Har yau ana girbin abin da aka shuka a lokacin. Hukumar ARCEP ce ke sa ido kan kamfanonin, su Airtel da Moov Africa da Zamani Telecom da Niger Telecom, kuma dukkansu ƙa'ida ɗaya suke bi a wannan batu: layi yana da mai shi guda, da suna da takarda.

Hanya mafi sauƙi ita ce ku je ku biyu, kai da shi, kowa da katinsa na asali wanda wa'adinsa bai ƙare ba, da pis ɗin a hannu. Ku je babban ajans na kamfanin, kada ku tsaya wurin ƴan laima da ke bakin kasuwa. Su aikinsu sayar da kiredi da sa kuɗi da cirewa, sauya sunan mai layi ya fi ƙarfinsu, kuma wanda ya ce maka zai yi maka shi ta bayan fage a kan jaka biyu, ka sani ka miƙa wa baƙo lambarka da hoton katin yayanka a lokaci guda. A ajans zai sa hannu cewa ya sallama, kai ka sa hannu cewa ka karɓa, a ɗauki bayananka. Kada ka fita sai da wata shaida a rubuce, ko takarda ko saƙon tabbatarwa, kuma ka adana ta inda kake adana takardun fili.

Mutanenmu na Ader da ke cin rani sukan leƙo gida da damina ko da babbar salla. In yayanka yana cikin masu zuwa, ka jira shi, kuma ka sa wannan a gaba tun ranar da ya sauka, kafin gaishe-gaishe da ɗaurin aure su cinye kwanakin. Na sha ganin wanda ya zo ya yi wata biyu ya koma, ba a tuna da zancen layi ba sai yana cikin mota ya wuce Dosso.

In ba zai zo nan kusa ba, sai takardar wakilci. Ya rubuta cewa shi wane, mai katin shaida lamba kaza, ya sallama layi mai lamba kaza ga ƙanensa wane, ya sa hannu, hukuma ta buga hatimin tabbatar da sa hannun. Tunda yana Abijan, ofishin jakadancin Nijar da ke can ne wurin da hatiminsa ya fi nauyi a nan gida. Ya haɗo da kwafin katinsa, ya ba amintaccen direba ya kawo maka ta asali, domin hoton da aka turo ta WhatsApp ba takarda ba ce. Amma kafin ka sa shi wannan wahala, ka taka zuwa ajans ɗin ka ce a faɗa maka dalla-dalla abin da suke karɓa daga mai layin da ke wajen ƙasa, ka rubuta, ka ji sunan aikin wanda ya faɗa maka. Kowane kamfani da tsarinsa, kuma suna ƙara tsanantawa saboda ƴan damfara. Zuwa ɗaya na tambaya ya fi a yi takarda a Abijan ta iso a ce saura abu guda.

Yanzu ga inda mutane suka fi faɗuwa. Lambar waya da asusun kuɗin da ke kanta abu biyu ne, ko da yake a pis ɗaya suke zaune. Layi yana ƙarƙashin dokar sadarwa. Asusun kuɗi, ko Airtel Money ne ko Moov Money ko Zamani Cash, yana ƙarƙashin ƙa'idojin babban bankin ƙasashen Afirka ta Yamma masu sefa, wato BCEAO, da nasa rajistar da nasa mai suna. Saboda haka kada ka ɗauka cewa da an sauya sunan layi asusun ya bi shi kai tsaye. Wani lokaci sai an rufe tsohon an buɗe maka sabo. Kafin ranar zuwa ajans ka kwashe kuɗin kaf, ka bar shi fayau, ka biya duk wani bashin kiredi da ke kan layin, sannan a gaban tebur ka tambaya da bakinka: asusun fa, sunan wa ke kansa yanzu? In ka koma gida ka sa wani ya turo maka dala ashirin, ka karɓi wayarsa ka duba saƙon da ya samu. Yakan nuna sunan wanda aka tura wa. In har sunan yayanka ya fito, aikin bai ƙare ba, ka koma.

Tunda albasa kake yi, ga wani abu da ya shafe ka. A ƙa'idar da BCEAO ya fitar a 2015, asusun mutum ɗaya a kamfani ɗaya ba ya wuce sefa miliyan 2 a ajiye. Mai lodin babbar mota zuwa Abijan ko Akara ya san miliyan 2 ba ta kai ko'ina. Wannan iyaka ba ta hau kan asusun ƴan kasuwa masu karɓar biya ba, don haka in ka je ka tambayi yadda ake buɗe irin wannan da sunanka ko na shagonka. Ni a ganina ma asusun waya hanya ce da kuɗi ke bi su wuce, rumbu kuwa banki ne.

Sai abubuwan da aka rataya wa lambar tsawon shekaru, nasa da naka. Lambar waya a yau ta zama kamar ƙugiyar da ake rataye makullan gida duka. Ka tambayi yayanka ya tuna: Facebook ɗinsa da wannan lambar ya buɗe? Asusunsa na Google fa? Bankinsa yana turo saƙo nan? Manhajar aika kuɗi ta Nita ko ta Amana, in yana da su, a kan wace lamba suke? Duk wanda ya samu ya shiga ya sauya zuwa lambarsa ta can tun yanzu da kuke jituwa kuma layin yana aiki, domin galibi sai an turo lambar tabbatarwa ta tsohon layin, kai ka karanta masa. In aka bari sai bayan shekara, ranar da ya manta kalmar sirrinsa, kai ne za ka zama mai gadin ƙofarsa, kuma irin wannan ne ke jawo "me ya sa ka karanta saƙona" tsakanin ƴan ɗaki ɗaya. Kai ma ka duba naka: in ka buɗe asusun aika kuɗi da katinka amma a kan lambar da ke sunansa, ka gina ɗaki ne a filin wani.

WhatsApp shi bai san rajistar kamfani ba sam. Wanda ya samu lamba shida da ake turowa ta saƙo, shi ne mai asusu. In kai ke amfani da shi tun tafiyarsa, ba abin da zai canza ranar da aka sauya suna. Abin da za ka yi shi ne ka shiga saituna ka kunna tabbaci mai hawa biyu, ka sa lamba shida taka ta kanka, ka haɗa da adireshin imel naka. In yayanka ya taɓa sa tasa lambar, ya cire kafin nan, in ba haka ba ranar da ka sauya waya za ka iya zaman jiran kwana bakwai, a tsakiyar kakar albasa.

Akwai hanya ta uku, kuma ko da ta farko za ka bi ina ba ka shawarar ka haɗa da ita. Ka sayi sabon layi yau da katinka, ka buɗe asusun kuɗi a kansa, ka fara ce wa masu biya su tura can. Tsohuwar lambar ta ci gaba da karɓar kira. Ta haka ko yayanka ya yi shekara bai zo ba, abin da ke cikin hatsari lamba ce kawai, dukiyarka tana gefe. In daga baya ka ga sauya sunan ya gagara, WhatsApp yana da wurin canza lamba wanda ke kwashe ƙungiyoyinka da bayananka zuwa sabuwa, ya kuma sanar da mutanenka. Abu ɗaya dai: kada ka jefa tsohon pis a aljihun tebur ka manta. Layin da aka daɗe ba a yi aiki da shi ba kamfani yana karɓewa ya sayar wa wani, kuma wannan wanin ne dillalanka za su riƙa kira, wataƙila har su tura masa kuɗi.

Rai a hannun Allah yake, kuma wannan ma dalili ne na hanzari. In mai layi ya rasu, kuɗin da ke asusunsa sun zama gado. Sai an kawo takardar shaidar rasuwa da takardun magada, da wanda dangi suka wakilta, kafin a taɓa ko dala. Na ga matar da ta yi shekaru tana sana'ar turare da layin mijinta, ya rasu, ƴan uwansa suka ce abin da ke ciki na mamaci ne a raba. Kowa a unguwa ya san guminta ne, amma takarda ba ta sani ba. Allah ya ba yayanka tsawon rai, sai dai ka ga inda zancen yake.

To, sai yaron shago. A nan ina so ka fahimci yadda na'urar take, domin ita ba ta san rabin izini ba. Babu wurin da za ka ce wa asusun kuɗi "wannan yaron ya duba abin da ya shigo amma kada ya fitar". Lambar sirri ɗaya ce, mai ita yana iya duba saura, yana iya turawa, yana iya cirewa, yana iya ma canza ta ya rufe ka a waje. Kuma in kuɗi suka fita da lambar sirrinka, kamfani zai ce kai ka fitar. Saboda haka ba a rabon izini da baki, da kaya ake raba shi: abin da ba ka so ya taɓa, kada ya kasance a hannunsa tun farko.

Yadda zan tsara in ni ne kai: babban pis, mai lambar da kowa ya sani da asusun kuɗi, yana cikin wayar da ke aljihuna duk inda na je. A shago in ajiye wata waya mai araha da layi na biyu. In haɗa ta da WhatsApp ɗina ta wurin na'urorin da aka haɗa, wanda ke karɓar har guda huɗu. Yaro zai ga saƙon masu saye, ya amsa, ya tura hoton kaya da farashi, amma saƙonnin tabbatarwa da na kuɗi ba sa zuwa wurinsa, kuma ranar da muka rabu, daga inda nake zan cire wayar shagon da taɓawa biyu. Ka dai san cewa zai ga duk hirarrakinka, har na gida, don haka in kana hira da iyali a wannan lambar ka raba su. Kuma in babbar wayar ta yi kwana 14 ba a buɗe WhatsApp a kanta ba, na'urorin da aka haɗa sukan fita da kansu.

In dole ne ya riƙa karɓar kuɗi, a buɗe ƙaramin asusu a layi na biyun, ya san lambar sirrinsa, kowace yamma ya turo abin da ya taru, ku haɗa da littafi. Sunan wa za a sa a wannan layin? Naka. In ka sa nasa, ka maimaita labarinka da yayanka, sai dai wannan karon kai ne a waje: ranar da ya tafi ya buɗe nasa shagon, da lambar da masu sayenka zai tafi, kuma doka tana bayansa. Amma sanya sunanka yana da nasa nauyin, kada in ɓoye maka. Duk abin da aka aikata da layin, zagi ne ko damfara ko yaɗa ƙarya, ƙofarka ƴan sanda za su fara ƙwanƙwasawa, kuma tun 2019 ƙasar nan tana da dokar laifukan intanet. Wannan gargaɗin ya shafi yayanka ma, shekara huɗu ke nan yana ɗauke da alhakin layin da ba ya hannunsa. In ya nuna jan ƙafa wajen sallamawa, ka tuna masa da wannan cikin ladabi.

Ka koya wa yaron abu biyu har su zauna masa. Na ɗaya, saƙon "an turo maka kuɗi" ba kuɗi ba ne sai an ga saura ya ƙaru. Ƴan damfara suna rubuta saƙo mai kama da na kamfani su turo daga lambar mutum, su loda kaya su tafi, ko su kira suna roƙo wai kuskure suka yi a maido. Na biyu, ba wani ma'aikacin kamfani da ke kiran mutum ya tambaye shi lambar sirri ko lambar da aka turo ta saƙo. Mu da muke ciki ma ba ma ganin lambar sirrin kowa, iyakarmu mu sake saita ta ga mai suna in ya zo da katinsa. Ya ji an tambaya, ya kashe wayar kawai, ba sai ya yi gardama ba.

Tunda ka riga ka sha bar masa babbar wayar, akwai ɗan shara da za ka yi, ba don ana zarginsa ba. Ka canza lambar sirrin asusun yau, kada ka sa shekarar haihuwarka ko ƙarshen lambar wayarka. Ka buɗe jerin na'urorin da aka haɗa da WhatsApp ka cire duk wadda ba ka sani ba. Ka danna ##002# ka kira, wannan yana soke duk wata karkatar da kira da aka sa a layin. Ka duba ko an ƙara yatsan wani cikin masu buɗe wayar. Ka hana saƙonni bayyana a fuskar waya tana kulle, domin lamba shida ba ta buƙatar a buɗe waya, kallo ɗaya ya isa. Sannan ka shiga wurin izinin manhajoji ka ga waɗanne ne ke karanta saƙonninka da jerin sunayenka. Manhajar tocila ko ta wasa ba ta da abin yi da saƙonni, ka cire mata izinin ko ka goge ta ɗungurum.

Shi kansa pis ɗin yana da makulli, kuma kusan ba mai sa shi. Ɓarawo ba ya wahalar da kansa da buɗe wayarka, zare pis yake yi ya sa a tasa. In ka kunna lambar PIN ta pis, duk wayar da aka sa shi sai ta tambaya. Kuskure uku ya kulle, sai da PUK mai lamba takwas, ita kuma in aka yi kuskure goma pis ya mutu har abada. PUK tana rubuce a jikin babban katin roba da aka ɓalle pis ɗin daga ciki, wanda na tabbata yayanka ya yar tun ranar da ya saya. In babu shi kamfani ne kaɗai zai ba da ita, kuma mai suna yake ba. Don haka wannan makullin shi za ka bari ƙarshe: sai ranar da layin ya koma sunanka, kana tsaye a gaban tebur, ka ce a ba ka PUK ɗin, ka rubuta a takarda, sannan ka kunna PIN kafin ka fita. Ka danna *#06# ma ka kwafe lamba 15 ta jikin wayar a takardar nan, ita za a tambaye ka a kwamisariya, wato ofishin ƴan sanda, in an sace ta. Takardar kuma a gida za ta kwana, kada ka cusa ta a bayan rigar wayar kamar yadda rabin ƴan kasuwar Tahoua suke yi.